Bindigar Iska: 4.5 ko 5.5, Wacce Ta Dace da Zomo da Fakara?

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako, domin wanda kiwo ko tafiya ta hana shi saurare. Tun bayan girbi tambayoyi suka yawaita a kan bindigar iska, wato wadda ba ta aiki da albarushi. Wani makiyayi ya bugo mana waya ya ce an nuna masa guda biyu, ɗaya an rubuta mata 4.5, ɗayar 5.5, mai sayarwa kuma ya ce masa ta biyun ta fi ƙarfi tunda lambarta ta fi girma. To malam, ba a nan gizo ke saƙar ba. Lambar nan faɗin bakin bindiga take nunawa da milimita. Ƙarfin kuwa yana wurin abin da ke tura iskar.

Me ya raba ƙarami da babba?

Girman baki uku ne aka fi sani: 4.5 da 5.5 da 6.35. A kwalin kayan Ingila da Amurka za ka ga an rubuta su .177 da .22 da .25, duk abu ɗaya ne. Harsashin ɗan ƙwayar dalma ne. Na 4.5 nauyinsa kusan rabin giram, na 5.5 kusan giram 1, na 6.35 kuma wajen giram 1.6.

Ƙarfin harbi da jul ake auna shi. A Ingila, inda ake yawan farautar zomo da irin wannan bindiga, wadda ake riƙewa ba tare da takardar mallakar makami ba ba ta wuce kusan jul 16. Ka ɗauki bindigogi biyu masu jul 16 ɗin nan. Mai 4.5 tana fitar da harsashi da gudun kusan mita 240 a daƙiƙa, mai 5.5 kuma kusan mita 180. Ka ga ƙarfi ɗaya ne, ɗaya ta zuba shi a gudu, ɗayar ta zuba shi a nauyi.

Ga yadda hakan ke shafar ka a daji. Harsashin 4.5 yana tafiya kusan a miƙe. A nisan mita 30 saukarsa ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, na 5.5 kuwa yana sauka kusan ninki biyu na haka. Kenan mai 4.5 ko bai ƙware a kintacen nisa ba zai iya samun kan kurciya, mai 5.5 kuwa dole ya san tazarar da ke tsakaninsa da dabba, ya san inda zai ɗaga saiti. Amma idan ya samu, na 5.5 ya fi barin rauni mai faɗi, ya fi kayar da dabba nan take. Na 4.5 wani lokaci sai ya ratsa ya fita, dabba ta gudu da ciwo. Shi ya sa maharban Ingila kan ce ƙarami na masu fukafukai ne, babba na masu ƙafa huɗu.

Don haka in abin da kake nema kurciya ne da hasbiya da ɓerayen rumbu, 4.5 ta ishe ka, harsashinta ma ya fi araha. In zomo ne da gafiya da kurege, ko fakara da zabon daji masu kaurin gashi, 5.5 ta fi dacewa. Ita 6.35 sai da bindiga mai ƙarfi sosai take da amfani, in ba haka ba harsashin jefi-jefi yake yi kamar dutsen danƙo. Kuma kafin ka biya kuɗi ka tambaya: wane harsashi ake samu a kasuwar da nake ci? Na 5.5 ba ya shiga bakin 4.5, na 4.5 kuma lilo yake yi a bakin 5.5. Bindigar da ba ta da harsashi ai sandar kiwo ta fi ta amfani.

Inda ƙarfin yake

Ta farko ita ce mai sifirin, wadda ake karya bututunta a ɗana. Kamfanoni irin su Diana da Weihrauch na Jamus, Gamo na Sifen da Hatsan na Turkiyya duk suna ƙera ta. Ba ta buƙatar komai sai hannunka da harsashi, shi ya sa ita ta fi dacewa da mutumin ruga. Aibinta shi ne tana girgiza lokacin harbi, sai an koyi riƙe ta sako-sako, kullum iri ɗaya. Girgizar tana kuma lalata madubin hange in ba wanda aka yi domin ta ba ne.

Ta biyu ita ce mai tankin iska. Ba ta girgiza, tana harbi da yawa kafin a sake cika ta, amma tana da tsada, kuma tankin yana ɗaukar matsin iska kusan bar 200. Tayar ƙaramar mota bar 2 zuwa 3 take ɗauka, ka ga injin mai faci ba zai cika ta ba, sai famfonta na musamman. Kuma don Allah kada wani ya ruɗe ka ka cika ta da iskar gas ta masu walda. Fashewa take yi.

Ta uku tana aiki da ƙaramar kwalbar gas mai giram 12. Ƙarfinta yana canzawa da zafi da sanyi, harbin safiyar hunturu daban, na azahar ɗin bazara daban, kuma yawancinsu ba su kai ƙarfin farautar zomo ba.

Ka kula da abu biyu. In ka ga harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar a jikin bindiga, wannan ta kasuwar Jamus ce, ba ta wuce jul 7.5 ba. Ta yi kyau ga koyon saiti da ɓera a kusa, amma ba ta zomo ba ce, ko da bakinta 5.5 ne. Na biyu, manyan lambobin gudu da ake bugawa a kwali sau da yawa da harsashi marar nauyi aka auna su. Harsashin da ya kusanci gudun sauti, wato mita 340 a daƙiƙa, yakan fara kauce wa saiti. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Gwajin murfin kwalba

Wurin da ake samun zomo ya mutu nan take shi ne kai, tsakanin ido da gindin kunne, kuma bai fi murfin kwalbar lemo girma ba. Ka zana da'ira daidai murfin a kwali, ka jingina shi da tudun ƙasa, ka harba sau biyar daga taku 15. In duka biyar sun shiga, ka ja baya taku biyar ka sake. Inda ka fara kuskurewa, nan iyakarka take. Ga mafi yawan mutane ba ta wuce mita 25 zuwa 30. Harsashi mai zagayayyen kai ya fi tafiya daidai, mai tsini kyan gani ne kawai a yawancin bindigogi. Kada ka sa ƙwallayen ƙarfe irin na keke, suna cinye zanen cikin bututu, kuma suna dawowa in sun daki dutse. Wuƙarka ta kasance a kusa domin yanka ba tare da ɓata lokaci ba.

Wajen kulawa: kada ka harba mai sifirin babu harsashi a ciki, kada ka bar ta a ɗane ta kwana, kada ka zuba man inji a ramin da iska ke fitowa, domin yana kamawa da wuta ya ƙone robar ciki. Lokacin hunturu ka nannaɗe ta da ƙyalle saboda ƙura. In ka karya ta za ka sa harsashi, hannunka ɗaya ya riƙe bututun gam, yatsa nesa da kunama.

Dalma, yara da doka

Harsashin nan dalma ne, dalma kuma guba ce. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma. Kada ka ajiye harsashi a baki kamar yadda wasu ke yi, ka cire shi daga nama tare da wurin da ya ratsa, ka ɓoye gwangwanin inda yara ba za su kai ba. Bindigar da ke fasa kan zomo tana tsiyayar da ido, tana kuma iya kashe yaro. Kafin ka danna, ka duba abin da ke bayan dabbar: garke ne, ko rijiya, ko bukka?

Yanzu ga maganar da ta fi duka nauyi. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar iska a rukuni ɗaya da bindigogin farauta, wato sai da lasisin 'yan sanda. A Nijar dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ta tanadi takardar izini da lokutan farauta, ma'aikatan gandun daji ne ke kula da ita. Wuraren da aka keɓe irin su Gadabeji da gandun W da Yankari ba a shiga da sunan harbin zomo. Takardar ƙasa ɗaya kuma ba ta aiki a ɗaya ƙasar. Kai da ke safara tsakanin Ƙonni da Illela ko Maraɗi da Jibiya, kada ka karɓi saƙon dogon kwali ba ka buɗe ba, domin a shingen kwastan ko na jandarma a hannunka za a same shi.

Kuma iyayena makiyaya, wannan bindiga ba ta kare garke daga kura ko ɓarawo. Daga nesa kamar bindigar gaske take, musamman in an ɗora mata madubi. A halin da dazuzzukanmu ke ciki, jami'in tsaro ko ɗan sa-kai da ya hango ka da ita ba zai tsaya karanta 4.5 ko 5.5 ba, ɗan bindiga ma haka. In yankinku ba lafiya, ka bar ta a gida, ko ma ka haƙura da saye.

Mai ƙarin tambaya ya aiko mana ta hanyar da aka saba, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.