Jinyar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki: Tace Maganar 'Yan Dubiya

Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, gidanmu ya cika kamar ranar suna. Ɓarinsa na dama ne ya shanye, amma ga shi yana zama idan an tokare shi da matashi, yana ɗaga yatsu biyu, yana amsa sallama da ka. Muka ɗauka wuya ta wuce. Mako uku bayan nan zazzaɓi ya rufe shi, numfashinsa ya riƙa fita da gurnani, hannun da ya fara motsi ya sake zubewa. Muka koma asibiti.

Daga ranar kowane mai dubiya ya zo da nasa bayanin. Goggo ta ce da hannu a ciki. Kawu ya ce maganin asibiti ne ya yi masa ƙarfi. Wata maƙwabciya ta ja Umma gefe ta ce kada ta yarda a zura masa roba a hanci. Dukansu masoyan Baba ne, kuma ƙauna ce ta sa su magana. Sai dai ƙauna ba ta mayar da kuskure daidai, kuma a jinyar irin wannan ciwo shawara ɗaya marar kyau tana iya rushe aikin wata uku. Ga maganganun da suka fi yawo a ɗakin jinya, da matsayin kowace.

"Tunda ya fara samun sauƙi ya koma, jifa ne ko iska"

Wannan ƙarya ce. Shanyewar ɓarin jiki daga ƙwaƙwalwa take tasowa, ta ɗayan hanyoyi biyu: ko gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai wa wani sashe abinci, ko jijiyar ta fashe jini ya zuba. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, na dama kuma ya sarrafa hagu. A 2018 aka fitar da sakamakon binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya. Cikin majinyata 2,118 da aka duba, kashi 68 cikin ɗari toshewa ce, kashi 32 fashewar jijiya, kuma kusan tara cikin goma na ciwon hawan jini ne silarsa. Ciwon suga, kitse a jini da yawan gishiri suna biye.

Komawa baya a tsakiyar jinya ita ma tana da dalilai sanannu. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana aiki ne da ƙyar, don haka duk abin da ya girgiza jiki, kamar ciwon huhu, ciwon mafitsara, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin ruwa ko saukar suga, yana iya dawo da raunin da ya fara gushewa. Idan aka magance abin da ya jawo, sau da yawa majinyaci yakan koma inda ya tsaya. Na Baba ciwon huhu ne. Da aka yi masa magani zazzaɓin ya sauka, yatsun nan biyu suka dawo.

"A ɗura masa kunu ya samu ƙarfi, robar hanci alamar tafiya ce"

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace haɗari. Kusan rabin waɗanda suka samu shanyewa haɗiya tana yi musu wuya a kwanakin farko, domin naman maƙogwaro ma ya yi rauni kamar na hannu. Ruwa ko koko sai ya kauce hanya ya gangara huhu, wani lokaci ba tare da majinyaci ya ko yi tari ba. Kwana biyu ko uku sai zazzaɓi da sarƙewar numfashi. Mu da kanmu muka riƙa ba Baba shayi da cokali yana kishingiɗe, muna murna yana sha, ashe hanyar ciwon huhun ke nan.

Robar hanci tana kai abinci da magani kai tsaye cikin ciki, ta tsallake wurin da ake ƙwarewa. Dalilin da ya sa mutane suka haɗa ta da mutuwa shi ne akan ƙi yarda da ita sai jiki ya riga ya ƙare. Da yawa ana cire musu ita bayan 'yan makonni idan haɗiya ta dawo. Wanda likita ya yarda ya ci da baki kuwa, a zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, abinci mai kauri ya fi tsararo sauƙin haɗiya ga da yawansu, a bar shi zaune kamar rabin awa bayan ya gama, a goge masa baki da haƙora. Tari lokacin cin abinci, ko murya ta koma kamar mai kurkurar ruwa, alama ce ta a dakata a sanar da ma'aikatan lafiya.

"A bar shi ya kwanta ya huta, motsi zai tayar da ciwon"

Akwai ƙwayar gaskiya a nan, amma ƙarama ce. Wani babban bincike mai suna AVERT, da aka buga a 2015 kan majinyata sama da 2,000, ya nuna cewa yawan tayar da majinyaci a cikin awa 24 na farko bai haifar da ɗa mai ido ba. Bayan wannan, da zarar likita ya ba da izini, doguwar kwanciya ita ce abokiyar gaba. Tana kawo gyambo a ƙugu, gindin baya da diddige. Tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Tana sa gaɓoɓi su sandare har hannu ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa.

Wanda ba ya iya juya kansa, a juya shi kusan duk bayan awa biyu, dare da rana. A duba fatarsa kullum. Wurin da ya yi duhu ko ya yi ɗumi fiye da sauran jiki, farkon gyambo ne, kada a sake kwantar da shi a kai. A canja shimfiɗa da zarar ta jiƙe. Gyambon da ya samu cikin kwana biyu yana iya cin watanni bai warke ba.

"A gasa hannun da ruwan zafi, a murza da ƙarfi, a ja shi ya miƙe"

Wannan kuskure ne da sunan gashi ya jawo mana. Da yake muna ce wa ma'aikacin da ke koyar da motsa gaɓoɓi likitan gashi, sai mutane suka ɗauka zafi ne maganin. Ciwon yana cikin kai, hannun saƙo ne ya daina isa gare shi. Ainihin aikin likitan gashi shi ne koya wa ƙwaƙwalwa sabuwar hanya ta maimaita motsi: zama, miƙewa, ɗaga ƙafa, kama kofi, sau ɗaruruwa, har sassan da suka tsira su karɓi aikin wanda ya lalace.

Ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi yadda ya kamata, shi ya sa tsumman ruwan zafi ko kaskon wuta ke sale fata majinyaci bai sani ba. Jan hannu kuwa yana zamar da kafaɗa daga mazauninta, domin naman da ke riƙe ta ya saki. Kada a taɓa ɗaga shi ta hannun da ya mutu. A tallafe shi ta ƙugu da baya, a ɗora hannun a kan matashi idan yana zaune. Ɗaya daga cikin 'ya'ya ya riƙa shiga ɗakin gashi tare da shi, ya koyi motsin, a riƙa yi a gida kullum. Zuwa asibiti sau biyu a mako ba ya isa shi kaɗai.

"Jinin ya sauka, a dakata da ƙwayoyin nan kada su kashe masa ƙoda"

Ƙarya ce mai kashewa. Jinin ya sauka ne saboda maganin, kuma ranar da aka daina zai hau, ba tare da ciwon kai ko wata sanarwa ba. Hawan jinin da aka ƙyale yana cikin manyan masu lalata ƙoda. Idan wani magani yana sa jiri ko kumburin ƙafa, likita zai iya canja shi da wani. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, musamman masu kanwa, na iya ƙara matsalar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba kada ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya ma gishiri ne. A rage su, a yawaita zogale, alayyahu da sauran ganye.

"Ciwon nan yana dawowa"

Wannan gaskiya ce. A Amurka, inda ake ajiye ƙididdiga, kusan ɗaya cikin huɗu na shanyewar da ake samu a shekara ga waɗanda suka taɓa yi ne. Don haka kowa a gidan, har yara, ya san alamun: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki farat ɗaya, magana ta harɗe, gani ya ɗauke. Idan aka ga ɗaya, a lura da ƙarfe nawa ne, a nufi asibiti nan take, ko da alamar ta gushe bayan 'yan mintoci. An ƙiyasta cewa a babbar toshewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa duk minti ɗaya. Allurar narkar da gudan jini, a inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta.

Saƙon da ke yawo a WhatsApp cewa a huda yatsu da allura a matse jini ba shi da tushe, ɓata lokaci ne kawai. Kada kuma a ba shi asfirin a gida, domin idan fashewar jijiya ce zai ƙara zubar jinin. Hoton ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke bambance toshewa da fashewa.

"Kuka yake ba dalili, magana ba kan gado, hankalinsa ya taɓu"

Ba haka ba ne. Cibiyar magana ga mafi yawan mutane tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa wanda damansa ya shanye yakan rasa kalma. Baba yakan so ya ce buta ya ce hula, ya gane ya yi kuskure, hawaye su zubo masa. Da yawa daga cikinsu suna jin duk abin da ake faɗa. Kada a zauna a kansa ana lissafin kuɗin magani ko ana cewa ba zai tashi ba. A yi masa gajeren zance, a jira amsarsa, a ci gaba da neman shawararsa a matsayinsa na maigida.

Kimanin ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira suna faɗawa cikin ciwon damuwa mai tsanani. Ya ƙi abinci, ya ƙi gashi, ya juya fuska bango. Wannan ciwo ne mai magani, kada a kira shi taurin kai ko rashin tawakkali. Wasu kuma tabon da ya rage a ƙwaƙwalwa yakan jawo musu jijjiga irin ta farfaɗiya. Ba aljani ba ne, kuma yawunsa ba ya harbin kowa. A kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki, a kai shi asibiti.

"Idan ya wuce wata shida, shi ke nan"

Rabinta gaskiya ne. Sauƙi ya fi gudu a wata uku zuwa shida na farko, shi ya sa bai kamata a ɓata su wajen yawon neman magani gari-gari ba. Kuma ba kowa ke komawa yadda yake a da ba, wannan ma dole iyali su karɓa. Amma ƙwaƙwalwa ba ta daina koyo. Mutane na ci gaba da samun ƙarin motsi da magana bayan shekara, muddin ba a daina aikin ba. A auna ci gaba da abin da ya shafi rayuwarsa: yau ya zauna shi kaɗai, gobe ya kai loma baki da hagu, wata rana ya taka zuwa banɗaki da sanda. Addini ya sauƙaƙa masa salla a zaune ko a kwance, da taimama idan alwala ta gagara. Batun azumi kuwa a haɗa shawarar malami da ta likita. Addu'a da tofi ba su hana shan magani, magani ma bai hana su.

"Jinya tana cin mai jinya"

Wannan gaskiya ce da ba a cika faɗa ba. A yawancin gidaje mace ɗaya ake bar wa nauyin, mata ko 'ya, ita ce juyi da dare, ita ce wanki, ita ce girki, har ita ma jininta ya hau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu sai da Umma ta kwanta muka farga, muka raba kwana, Yaya ya ɗauki kai shi gashi, ƙanwarmu ta riƙe littafin da ake rubuta awon jini da lokutan magani, wanda ke nesa ya riƙa turo kuɗi.

Baba yau yana takawa da sanda zuwa masallacin ƙofar gida. Hannun damansa bai dawo duka ba, amma da bakinsa yake sa mana albarka. Ga 'yan dubiya, ku zo da addu'a da abin da Allah ya hore, ku taƙaita zama, ku bar wa masana batun magani. Ga masu jinya, duk shawarar da aka kawo muku, komai girman wanda ya kawo ta, ku kai ta gaban likita ko nas kafin ta taɓa jikin mahaifinku. Duk wanda ya karanta wannan kuma, ya je a auna jininsa a wannan makon, ya kai iyayensa su ma a auna. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa kaffara ce, ya saka wa masu jinya da alheri.