Cin Abinci a Ɗakin da Ke Juyawa Bisa Birni

Daga cikin abubuwan al'ajabi da masu ilmin handasa suka ƙago a wannan zamani, waɗanda matafiyi kan tarar a manyan biranen duniya, akwai wani irin ɗakin cin abinci da ake ginawa can ƙololuwar hasumiya ko bisa kan dogon otal, inda mutum zai zauna a kujerarsa, bai tashi ba bai gusa ba, amma kafin ya wanke hannu sai ya ga an bi da shi gabas da kudu da yamma da arewa, an shimfiɗa masa birnin kaf a ƙarƙashin ƙafafunsa. Tun da yake 'yan'uwanmu fatake da ɗalibai da masu neman magani suna yawan ratsa Alƙahira da Dubai da Kuala Lumpur, kuma kowanne daga cikin biranen nan uku yana da irin wannan ɗaki, ya kyautu a yi wa jama'a bayanin asalinsa, da yadda yake aiki, da abin da mai shiga yake saye da kuɗinsa a haƙiƙa.

Sha'awar abin ta daɗe. Marubucin tarihin nan na Rumawa, Suwetoniyus, ya ambata cewa sarki Nero, a cikin ƙasaitaccen gidan da ya gina bayan gobarar da ta cinye Ruma a shekara ta 64 Miladiyya, yana da wani zauren liyafa kewayayye wanda ke juyawa dare da rana yana kwaikwayon tafiyar falaki. A 2009 kuwa masu tonon kufai suka gano wani ƙaton ginshiƙi a tudun Palatin, wanda suke kyautata zaton shi ne gindin zauren. To, amma abin da dā sai azzalumin sarki mai bayi da baitulmali yake iyawa, shi ne ya zama na kowa da kuɗinsa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da ƙasashe suka shiga gina dogayen hasumiyoyi don watsa rediyo da talabijin, suka kuma lura cewa tun da an riga an kashe dukiya an hau sama, ba laifi a sayar wa mutane da kallon. Birnin Dotmund na Jamus ya buɗe nasa a 1959. Hasumiyar Alƙahira mai tsawon mita 187, wadda Na'um Shabib ya zana bisa siffar furen bado, aka gina ta a tsibirin Jazira cikin Kogin Nilu, an kammala ta a 1961 zamanin Jamal Abdunnasir, kuma har yau Misrawa na ba da labarin cewa da kuɗin da Amurka ta aiko don ta saye zuciyar shugaban aka gina ta, domin masu aikowar su riƙa hangen inda kuɗinsu ya tafi. A 1962 birnin Siyatil na Amurka ya buɗe Space Needle, wadda mai zanenta John Graham ya yi wa wannan fasaha rajista da sunansa. Daga nan fa abin ya zama yayi, kowane birni mai ji da kansa yana so a ce shi ma yana da nasa.

Da yawa daga cikin waɗanda ba su taɓa shiga ba suna zaton ginin ne dukansa ke juyawa, har su riƙa tambaya yadda bututun ruwa da wayoyin lantarki ba sa murɗewa. A galibin irin waɗannan wurare ginin yana nan daram. Tsakiyarsa, inda lifta take da matakala da makewayi da madafa, ba ta motsi. Tagogin gilashi da ke kewaye su ma a kafe suke. Abin da ke tafiya kawai shi ne wani faffaɗan zobe na daɓe tsakanin tsakiyar da tagogin, wanda aka jera teburori a kansa, aka ɗora shi bisa ƙananan ƙafafun ƙarfe masu bin layin dogo kewayayye a ƙarƙashin daɓen. Injin lantarkin da ke tura shi kuwa, in ka gan shi sai ka raina shi, domin na Siyatil, wanda ya shekara da shekaru yana ɗawainiya da ɗaruruwan mutane da teburansu, bai wuce ƙarfin doki ɗaya da rabi ba. Sirrin shi ne, nauyin da aka daidaita shi sosai bisa ƙafafu masu santsi ba ya bukatar ƙarfi mai yawa matuƙar ba a nemi ya yi sauri ba, kuma an bi da gudun injin ta cikin jerin ƙafafu masu haƙora waɗanda ke rage sauri su ƙara ƙarfi.

Rashin saurin nan shi ne jigon hikimar. Mu ɗauka faɗin zoben mita 30 ne. Kewayensa zai kai wajen mita 94, idan kuwa ya cika zagaye a sa'a guda, to tafiyarsa wajen mita ɗaya da rabi ce kawai a minti. Gaɓar da Allah Ya halitta cikin kunnen ɗan Adam don sanin daidaito, wadda ita ce ke sa jiri in yaro ya yi ta hajijiya, tana jin fizga ne da tsayawa da saurin juyi, amma tafiya mai natsuwa irin wannan ta fi ƙarfin ganewarta, saboda haka ruwa ba ya karkata a kofi, miya ba ta fantsama, mai ci ba ya sanin yana tafiya sai in ya sunkuya ya yi loma biyu uku, ya ɗaga kai ya ga masallacin da yake kallo ɗazu ya koma bayan kafaɗarsa. Kowane gida da nasa ƙa'idar: na hasumiyar Toronto a Kanada minti 72 yake yi, na Landan kuwa, lokacin da yake aiki, minti 22 ne kacal. Akwai kuma wani adalci a cikin tsarin wanda ya burge ni, domin a sauran wuraren cin abinci na sama, tebur mai kallon kogi na manya ne, mai kallon bayan gari kuma na wanda ya makara, alhali a nan duk wanda ya yi haƙuri, rabonsa na kowace kusurwa zai iske shi har inda yake zaune. Sai dai ma'aikatan wurin sun saba da wata 'yar wasa guda: baƙo ya ajiye jaka ko waya a dandamalin taga, wanda ba ya tafiya, bayan minti goma ya duba babu, hankalinsa ya tashi, alhali kayansa na can kusa da teburin wasu bayin Allah da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Game da abinci kuwa, akwai dalilin da ya sa da yawa daga cikin waɗannan ɗakuna suka zaɓi tsarin ɗebi-da-kanka, wato bufe, inda ake biyan kuɗi ƙayyadadde sau ɗaya, a jera kwanoni iri-iri, kowa ya ɗauki faranti ya zuba abin da ransa ke so. Wuri a saman hasumiya ƙunci gare shi, wuta kuma abar tsoro ce a inda mafita ɗaya ce tak. Shi ya sa a hasumiyar Balin mai mita 368 aka daɗe ana yin girki a ƙasa, a hau da shi ta lifta. Dafa wa kowane baƙo abin da ya zaɓa, sa'an nan mai hidima ya bi teburin da ya riga ya bar inda aka san shi, wahala ce babba. Ya fi sauƙi a girka da yawa, a jera a tsakiyar da ba ta motsi, a bar baƙi su yi zirga-zirgar da kansu. Sakamakon haka, wanda ya daɗe a layin nama yakan juyo da faranti a hannu ya nemi iyalinsa ya rasa, sai ya bi zoben yana leƙen fuskoki.

Wanda ya hau hasumiyar Kuala Lumpur a Malesiya, mai tsawon mita 421, wadda aka buɗe a 1996 bisa tudun Bukit Nanas, zai fahimci abin da nake nufi da cewa kallon shi ne hajar. Tun daga ƙofar shiga zai ga rufi mai ado irin na masallatan Farisa, aikin magina daga Isfahan, kuma hukuma na amfani da hasumiyar wajen duban jinjirin watan Ramadan da na Shawwal. Ɗakin cin abincin yana mita 282 daga ƙasa. A gindin hasumiyar akwai ragowar kurmin asali, kore shar, wanda aka hana sarewa tun zamanin Turawan mulki. Can gaba ga tagwayen hasumiyoyin Petronas masu mita 452, waɗanda suka taɓa zama mafi tsawo a duniya. In zoben ya ƙara gusawa sai ga Merdeka 118, wadda ta haura mita 678, ta mai da tagwayen ƙannenta. Amma abin da ya fi cancantar a tsaya a yi tunani a kansa shi ne Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa mai gajerun gidaje da rufin kwano, wadda ta ƙi tashi duk da irin kuɗin da aka yi ta miƙa wa masu ita, tana zaune tsakiyar dogayen gine-ginen gilashi. Da kuma mahaɗar kogin Klang da na Gombak, inda Masallacin Jamek yake, inda kuma garin ya faro a matsayin zangon masu haƙar kuza. Wanda yake tafiya a titi unguwa ɗaya yake gani a lokaci guda, shi ya sa ba ya iya auna ta da 'yar'uwarta. Daga sama kuwa, tarihin garin da arzikinsa da talaucinsa duk a faranti ɗaya suke, kuma mai hankali zai ga inda dukiya ta taru da inda ta tsallake. A kan teburan kuma zai tarar da shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa, da naman rendang mai yaji, da satay, wanda ɗan'uwan tsire ne sak, sai dai maimakon garin ƙuli, miyar gyaɗa ake tsoma shi a ciki.

A nan ne jarrabawar take. Kuɗin shiga irin wannan wuri ya ninka na abinci makamancinsa a ƙasa, domin a cikinsa akwai hayar sama, da lifta, da gyaran inji, da gogar gilashi. Girkin kansa kuwa, in za a faɗi gaskiya, sau da yawa matsakaici ne, don abincin da aka dafa da yawa aka bar shi bisa ruwan zafi ba ya kamo wanda aka sauke yanzu. Da mutum ya tuna abin da ya biya, sai zuciya ta raya masa cewa lalle ya fanshe kuɗinsa da cikinsa, ya yi ta safa da marwa tsakanin tebur da kwanoni, ya juya wa taga baya, har lokacin da aka ƙayyade masa ya cika (gama yawancinsu zama-zama suke yi, in naku ya ƙare a share tebur don masu zuwa), ya sauko da kumburin ciki bai ga komai ba. Masu gidan kuwa sun riga shi lissafi: faranti ƙarami suke bayarwa, shinkafa da burodi da taliya su ne a farkon layi, nama mai tsada yana can ƙarshe a hannun kuku yana yanka maka da awo. Ba za ka ci su da yawan ci ba, iyakarta ka cuci kanka, ka kuma bar rabin faranti a zubar. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 an zubar da abinci fiye da tan biliyan ɗaya, kuma kashi 28 cikin ɗari daga wuraren sayar da abinci ya fito. Shari'a ta hana israfi ko da mutum da kuɗinsa ya saya, kuma ladabin da malamai ke koyarwa na barin gurbin ruwa da na numfashi a ciki bai taɓa samun wurin aiki kamar gaban kwano hamsin ba. A ɗebi kaɗan, a cinye, in da bukata a koma. A kuma guji abin da ya kamata ya zama da zafi amma ya huce, musamman kifi da sauran kayan teku.

Akwai mas'aloli biyu uku da Musulmi zai so ya sani tun kafin ya hau. Zoben da ke cika zagaye a sa'a guda yana karkata daraja 6 kowane minti, saboda haka wanda ya kabbarta salla a kansa yana fuskantar alƙibla, kafin ya yi minti biyar ya kauce da daraja 30. Fukaha'u sun yi maganar mai salla a jirgin ruwa, cewa ya riƙa juyawa tare da alƙibla in ya sami iko, amma wancan lalura ce, a nan kuwa taku kaɗan ne tsakaninka da daɓen da ba ya motsi. Ta biyu ita ce buɗa-baki, domin wanda ke sama yana ci gaba da ganin rana bayan ta faɗi ga mutanen ƙasa. A tsayin mita 282 tazarar takan kai wajen minti biyu, kuma a 2011 malaman Dubai sun yi fatawa ga mazauna dogon benen Burj Khalifa cewa na sama da hawa 80 su jinkirta minti biyu, na sama da hawa 150 kuma minti uku. Ta uku halaccin abincin: a Malesiya hukumar JAKIM ce ke ba da shaidar halal, kuma ba abin kunya ba ne a tambaya, a wurare irin su Makawo da Sidni kuwa naman alade na cikin jerin, har ma na Sidni ya yi suna da naman kangaru da na kada.

Masu zuwa da yara su riƙe su da kyau. Inda daɓe mai tafiya ya haɗu da bango mai tsayuwa wuri ne na hatsari, kuma injin da ke tura nauyin ɗaruruwan mutane ba ya jin ƙashin yaro. A 2017, a birnin Atlanta na Amurka, wani yaro ɗan shekara 5 ya rasu bayan ya maƙale a irin wannan tsakani.

Yayin abin ya ɗan ja baya a wasu ƙasashe, saboda gyaran inji yana da tsada, masu kuɗi kuma sun koma wasu abubuwan. Na Landan, wanda aka buɗe a 1966, an rufe shi ga jama'a a 1980. Na cibiyar taro ta Kenyatta a Nairobi ya shafe shekaru masu yawa a tsaye cik. Na Dubai kuwa, Al Dawaar, da ke hawa na 25 na otal ɗin Hyatt Regency a Dera, unguwar da fatakenmu suka fi sani, ya daɗe yana aiki da tsarin ɗebi-da-kanka. Duk wanda ya yi niyyar zuwa irin wannan ɗaki, ya kama wuri tun da wuri, ya roƙi tebur na bakin taga, ya zaɓi zaman da ya fara kafin magariba domin ya sami garin da rana ya kuma same shi da fitilu, ya duba ko akwai hazo ko hadari a ranar. Kafin ya biya kuma, ya tambaye su ƙarara ko daɓen yana juyawa a wannan daren.