Yara Takwas da Makarantar da Ta Ƙi Mutuwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Magarya ko Dungas ya san yadda lakwal ke mutuwa a ƙauye, domin ba a rana ɗaya take faɗuwa ba: mushe ya tafi karɓar albashi ya daɗe bai komo ba, damina ta janye rabin yara zuwa gona, rani ya kwashe manyansu zuwa ci-rani, iska ta ɗage rumfar zanar da ake karatu a ciki, har a wayi gari babu abin da ya saura sai baƙin allo jingine da gindin bishiya. Wannan ne ya sa na ga ya dace in kawo wa jama'armu ta Mallawa tarihin wata ƙaramar makaranta ta Nasara mabiya ɗarikar Metodis, can bakin teku a ƙasar da magabatanmu suka sani da Gwalkwas, wato Gana ta yau, wadda ta kai gargarar mutuwa irin wannan, sa'an nan ta miƙe ta zama ɗaya daga cikin mashahuran makarantun Afirka ta Yamma.

Asalin ɗarikar daga wani limamin Kirista ne na Ingila, John Wesley, wanda aka haifa a 1703 ya rasu a 1791. Ya tsara mabiyansa ƙungiya-ƙungiya, kimanin mutum goma sha biyu ƙarƙashin jagora ɗaya, kowa yana ba da kwabo guda a mako, ya kuma kafa makarantar Kingswood kusa da Biristol a 1748, saboda haka tun fil azal mutanensa suka ɗauki ta'alimi da tattalin kuɗin jama'a a matsayin wani sashe na ibadarsu.

Abin lura shi ne, mutanen gari ne suka kirawo su. Waɗansu samarin Fanti na garin Kep Kos, waɗanda suka koyi karatu a makarantar ganuwar Turawa, su ne suka roƙi wani matuƙin jirgin ruwa ya samo musu littattafan addininsu, shi kuwa ya dawo musu da malami sukutum, Joseph Dunwell, wanda ya sauka ranar 1 ga Janairu 1835, zazzaɓi ya kashe shi cikin wata shida. Waɗanda suka biyo bayansa ma ba su yi tsawon rai ba, sai da Thomas Birch Freeman, wanda ubansa baƙar fata ne uwarsa Baturiya, ya iso a 1838, jikinsa ya jure ƙasar, har ya kai Kumasi a 1839 da Badagiri a 1842.

Bayan shekara arba'in ana karatun firamare, sai bukatar abin da ya fi shi ta taso, domin coci na son malamai da masu wa'azi ƴan ƙasa, attajiran gari kuma sun gaji da tura ƴaƴansu Saliyo ko Ingila da tsada mai yawa. Ranar 3 ga Afrilu 1876, shekara biyu bayan yaƙin da Ingilishi suka ƙone Kumasi, wanda a cikinsa Kyaftin Glover ya ja rundunar sojan Hausawa, aka buɗe babbar makarantar Wesley a Kep Kos da ɗalibai 17. Shugabanta na farko, James Picot, shekararsa 18 kacal, wato da kaɗan ya girmi waɗanda yake karantarwa. Sa'a kuwa ba ta yi mata rakiya ba, domin a 1877 gwamnati ta ɗauke hedikwatarta daga Kep Kos ta mai da ita Ankara, wato Akra, garin ya fara ja da baya, makarantar ta yi ta tangal-tangal tsakanin ƙarancin kuɗi da sauyin shugabanni, har aka sake mata suna a 1891 ba tare da cutar ta warke ba.

A nan ne wani tsohon ɗalibinta ya shigo, John Mensah Sarbah, wanda yana cikin yaran farko, ya kuma zama ɗan ƙasar na farko da ya sami shaidar lauya a Ingila, a 1887. Shi ne ya tattara al'adun shari'ar Fanti a littafi, yana kuma cikin jagororin ƙungiyar da aka kafa a 1897 don hana Turawa mallake filayen jama'a. Da shi da abokansa suka ga makarantar mishan ta gaza, suka kafa kamfani na hannun jari, suka buɗe tasu a 1905 da sunan Mfantsipim. Sai ga makarantu biyu raunana a gari ɗaya suna rabon ɗalibai ƴan ƙalilan. Cikin wannan shekarar aka yi sulhu aka haɗe su, coci ya riƙe ragama, sunan da ƴan ƙasa suka raɗa ya tabbata. A ganina wannan sulhun ya fi kowace gudummawa daraja, domin daga ranar ce mutanen gari suka daina kallonta a matsayin kayan baƙo.

Duk da haka ba ta tsira nan take ba. A 1907, lokacin da Rabaran W. T. Balmer ya zo daga Saliyo don duba halin da take ciki, abin da ya tarar yara takwas ne kurum, babu shugaba, babu mudarrisi, amma suna haɗuwa suna bitar darussansu, wanda ya fi sani yana ɗora wa na ƙasa da shi, kamar yadda gardi ke biya wa ƙolo allo a tsangaya idan alaramma ya yi tafiya. Babu wanda zai zarge su da sun watse, alhali kamfanonin Turawa na bakin teku na ɗaukar duk yaron da ya iya rubutu aikin akawu, iyaye kuma na da hujjar cewa a daina ɓata lokaci. Balmer ya laƙaba musu suna amintattu takwas, ya karɓi shugabancin makarantar, ya sake gina ta a kansu, har yau kuma ana tunawa da su a harabarta.

Mai karatu na iya tambaya, ina Hausawan zango na Gwalkwas a wancan zamani? Galibinsu sun nisanci irin waɗannan makarantu, kuma ba don jahilci ba, domin maƙasudin kafa su a bayyane yake, kuma suna da nasu malamai, irin su Alhaji Umaru na Kete Karaci, haifaffen Kano, wanda ya karantar da fiƙihu da lugga har rasuwarsa a 1934. Sai dai ilimin da ya buɗe ƙofar ofis da kotu yana wancan ɓangaren, kuma tazarar da ta auku ta daɗe ana jin raɗaɗinta, kamar yadda aka ji a Damagaram da Katsina.

Bunƙasa ta sosai ta zo ne a zamanin Rabaran R. A. Lockhart, wanda ya karɓi shugabanci a 1925, ya tara kuɗi ya gina ajujuwa da ɗakunan kwana a kan tudun Kwabotwe, aka tare can a 1931. Daga wannan makaranta ne Kofi Busia ya fito, wanda ya zama firaministan Gana a 1969, da Kofi Annan, wanda ya yi karatu can daga 1954 zuwa 1957 kafin ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga baya Musulmin arewacin Gana ma sun shiga, cikinsu har da Muhammad Ibn Chambas, wanda mutanen Nijar suka sani lokacin da yake jagorantar hukumar CEDEAO.