Ciwon baya a ƙuruciya: Kafin ka sake sayen haɗin ƙwaya

A da, ciwon baya abin tsokanar kakanni ne. Yanzu kuwa da yawa daga masu tsayawa gaban kantata suna dafe da ƙugu ba su kai shekara 35 ba: direban keke napep da ke yini tsakanin Wunti da Yelwa, tela da ke duƙe kan keke har dare, ɗalibin da ke kwana kan matacciyar katifa a Gwallameji, da uwargidan da ke wanki a sunkuye da goyo a baya.

Idan kana cikinsu, kana da 'yan'uwa da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma ana hasashen za su kai miliyan 843 nan da 2050. Ana kiran ciwon mai daɗewa idan ya wuce wata uku. A kusan mutum tara cikin goma ba a samun wata takamaimiyar cuta da za a nuna da yatsa. Tsoka da jijiyoyi da gaɓoɓi ne suka gaji da dogon zama, ɗaukar kaya, ƙiba, rashin barci da damuwa. Shi ya sa likita kan duba ka ya ce ba sai an yi hoto ba. Kada ka ɗauka raini ne. Mutane da yawa da ba su taɓa ciwon baya ba, idan aka yi musu hoton MRI sai a ga faifan da ke tsakanin ƙasusuwansu ya ɗan turo, don haka hoton kan ƙara tsoro ba tare da ya canza magani ba.

A nan Bauchi, da zarar ka ce baya, wani zai ce basir ne, wata ta ce sanyi ne, a kawo maka jiƙo. Mata kuma kan ɗora laifin kan allurar baya da aka yi musu lokacin tiyatar haihuwa. Wurin allurar kan yi tsami na ɗan lokaci, amma ciwon da ya shekara ya fi alaƙa da nauyin ciki, goyo da aikin gida.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai harhaɗa magunguna shi ne haɗin ƙwayar nan da ake ƙullawa a leda a tasha da bakin kasuwa. Sau da yawa za ka tarar da diclofenac da ibuprofen da piroxicam a ƙulli ɗaya. Duk ukun dangi ɗaya ne, aikinsu iri ɗaya. Haɗa su ba ya ninka sauƙi, illar yake ninkawa: gyambon ciki, zubar jini a hanji, hawan jini da lalacewar ƙoda, musamman ga mai aiki cikin zafin Maris da Afrilu ba ya shan isasshen ruwa. Wasu kan ƙara dexamethasone a ciki, wanda ke sa ka ji garau nan take, amma bayan watanni fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Wato ka je neman maganin baya ka dawo da abin da ke cinye ƙashin bayan.

Idan dole ka sha, zaɓi guda ɗaya, bayan cin abinci, na 'yan kwanaki kawai. Kada ka wuce miligiram 1,200 na ibuprofen a rana sai da umarnin likita. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mai juna biyu su tambaya kafin su taɓa wannan dangi. Paracetamol ya fi sauƙi ga ciki, sai dai shi kaɗai bai cika yin tasiri a ciwon baya ba, kuma iyakarsa ƙwaya takwas masu miligiram 500 a yini ga babban mutum.

Sai tramadol. Da yawa daga matasan da suka faɗa shansa da ciwon jiki suka fara, ba da neman maye ba. NAFDAC ta amince ne da mai miligiram 50 da 100 kawai, shi ma da takardar likita. Mai 225 da ke yawo haramtacce ne. A ƙa'idojin da ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon baya mai daɗewa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a riƙa amfani da wannan dangin magani, haka ma bel ɗin ɗaure ƙugu da na'urar jan baya. Abin da ta fifita shi ne wayar da kai, motsa jiki, tausa da kula da halin zuciya.

Na san motsa jiki shi ne shawarar da ba a son ji, domin mai ciwo kwanciya yake so. Amma doguwar kwanciya tana sa tsoka ta saki, ciwon ya ƙara zama. Fara da tafiyar minti goma bayan Asuba ko La'asar, kana ƙarawa har ka kai rabin awa. Idan aikinka na zama ne, miƙe ka taka duk bayan minti 30 zuwa 40. Direba ya cire walat daga aljihun baya, ya sa naɗaɗɗen tawul a ƙugu. Ke uwargida, ɗora bahon wanki kan benci, ki nemi tsintsiya mai dogon hannu. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne. Raba ruwan gida biyu, ki riƙe kusa da jiki. Gashi da ruwan ɗumi ma yana sassauta tsoka. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa akwai sashen gashin ƙashi, inda za a koya maka atisayen da ya dace da irin ciwonka.

Iyalai kuma a daina cewa matashi lalaci yake yi. Ciwon ba ya nuna kansa a fuska, kuma gori na ƙara damuwa, damuwa kuma na ƙara ciwo.

Akwai inda ba a jira. Idan ciwon ya zo da zazzaɓi, rama da gumin dare, a duba tarin fuka, domin yana kama ƙashin baya, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Idan bayanka na sandarewa sama da rabin awa da safe, yana tashinka cikin dare, amma yana sauƙi in ka motsa, wannan na iya zama kumburin gaɓoɓin baya da ke kama matasa. Mai sikila, da wanda ya faɗi ko ya yi haɗari, da mai zafin fitsari, su ga likita kafin kemis ko mai ɗori. Idan kuwa ƙafa ta fara rauni, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari da bayan gida suka ƙi fita ko suka riƙa zubowa ba ka sani ba, a wuce sashen gaggawa a ranar, a kuma tafi da duk magungunan da kake sha don likita ya gani.