Idan Ƙura Ta Lafa, Ina Kujerar Mata?

Da yaƙin basasa ya ƙare a watan Janairu 1970, Janar Yakubu Gowon ya yi shelar sulhu da gyara da sake gina ƙasa. Amma a lokacin matan Arewa ba su taɓa jefa ƙuri'a ba. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun yi zaɓe, namu kuwa suna gida. Su ne suka yi jiyyar waɗanda suka ji rauni, suka riƙe marayu, amma ba a tambaye su yadda za a gyara ƙasar ba.

Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, ta jam'iyyar NEPU, ta sha ɗauri sau da yawa saboda neman wannan 'yanci. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe wa matan Arewa ƙofa. Duk da haka, bayan zaɓen 2023 matan da suka shiga Majalisar Dattawa mai kujera 109 ba su kai 5 ba.

Wannan magana ta shafe mu a Jihar Katsina, inda 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, suka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba 2020. Idan aka kashe maigida, wa ke neman hatsi da kuɗin makaranta? Mace ce. To, don me za a zauna zancen sulhu ko rabon taimako ba tare da ita ba?

Mu duba Laberiya. A 2003 mata Kirista da Musulmi, Leymah Gbowee tana gaba, suka sa fararen kaya suka yi zaman dirshan, har suka tare ƙofar zauren taron sulhu a Accra. Aka sa hannu a yarjejeniya a watan Agusta. Ba su tsaya nan ba, suka bi kasuwa-kasuwa suna sa mata yin rajista, a 2005 aka zaɓi Ellen Johnson Sirleaf shugabar ƙasa.

'Yan'uwa, abin daga gida yake farawa. Mazaɓar Mawashi a ƙaramar hukumar Kusada tana da kujerar kansila, Kankiya da Kusada kuma suna da wakilci a Majalisar Wakilai. Zumuntar mata da ta iya tara gudummawar gwauraye za ta iya raka mata karɓar katin zaɓe, ta kuma tsayar da tata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.