Shirin Musamman: Gidan Majalisar Garin Rochdale

Yau shirin namu ya yada zango a Rochdale, garin masaƙu da ke kusa da Manchester a arewacin Ingila, inda gidan majalisar garin ya haura shekara 150 a tsaye.

Garin ya samu majalisarsa ta kansa a 1856. Bayan shekara goma, a watan Maris na 1866, ɗan majalisar dokoki John Bright, wanda gidansu ke da masaƙar auduga a garin, ya aza harsashin ginin da William Crossland ya zana. Fam 20,000 aka ware da farko, amma da aka buɗe shi a 1871 kuɗin sun kai kusan fam 160,000, ninki takwas ke nan. Mai suka zai ce wannan almubazzaranci ne, kuma maganarsa na da nauyi, domin shekara guda kacal ke tsakanin aza harsashin da ƙarshen yaƙin basasar Amurka, wanda ya datse audugar da ke shigowa yankinsu na Lancashire, injuna suka tsaya, dubban ma'aikata suka koma jiran sadaka. Da wane ido aka dubi waɗannan bayin Allah aka ce a ƙawata zaure da gilasai masu hotunan sarakuna?

Duk da haka, a ganina kuɗin ba su tafi a banza ba. Kafin zamanin Sarauniya Victoria, irin wannan ƙasaitaccen gini galibi sai coci ko gidan masu sarauta. Ga shi garin ma'aikata ya gina wa shawarar kansa fada, garin da talakawansa suka buɗe shagon haɗin gwiwa a layin Toad tun 1844. Gaskiya ne attajirai suka mamaye kujerun majalisar, yawancin ma'aikata ma ba su da ƙuri'a a lokacin. Sai dai ginin na gari ne, ba ya shiga rabon gadon kowa, saboda haka da aka faɗaɗa 'yancin zaɓe, 'ya'yan masaƙa suka shiga ta babbar ƙofa suka zauna. Da gobara ta cinye hasumiyar ginin mai ƙololuwar katako da tsawon ƙafa 240 a 1883, mutanen garin ba su bar gidan haka ba: Alfred Waterhouse ya zana musu ta dutse mai ƙafa 190, aka kammala a 1887. Masaƙun da suka haifar da dukiyar yawancinsu sun rufe tuni, ginin kuwa an yi masa babban gyara, an sake buɗe wa jama'a shi a 2024.