Sayen gida a Amurka: taya inshora ba ya zubar da sunan mai neman bashi

Da yawa daga cikinmu muna da ɗa ko ƙane a Amurka, wasu a New York, wasu a Greensboro inda ƴan Nijar suka yi yawa. Idan ɗayansu ya tashi sayen gida, labarin yakan iso har rumfunanmu, domin kuɗin da aka saba aikowa yakan ragu, wani lokaci ma a nemi gudummawarmu. Shi ya sa ya kamata mu san yadda abin yake.

A can, yawancin mutane da bashin banki suke sayen gida, su biya cikin shekara 15 ko 30. Banki kuma ba ya sakin kuɗi sai mai saye ya kawo takardar inshorar gidan, wadda muke kira asurans, saboda gobara ko ɓarnar iska. To, a nan tsoro yake shigowa. Mutum zai ce: in na zagaya kamfani biyar ina tambayar farashi, kowanne ya binciki tarihin bashina, ba za su zubar mini da maki ba?

Wannan maki, wanda aka fi sani da FICO, lamba ce daga 300 zuwa 850. Ana fitar da ita daga bayanan da kamfanoni uku suke ajiyewa: Equifax, Experian da TransUnion. Kamar sunan ɗan kasuwa ne wurin mai sari: wanda aka sani da biya a kan lokaci shi ake ba kaya bashi babu gardama.

Amsar tambayar ita ce a'a, domin binciken iri biyu ne. Na kamfanin inshora leƙe ne kawai, ba ya taɓa maki ko da sau goma aka yi. Na mai ba da bashi shi ne mai nauyi: yana zama a rubuce shekara 2, kuma yakan rage maki kaɗan. Shi ɗin ma, in mutum ya zagaya bankuna neman bashin gida cikin kwana 14, ana lissafa shi a matsayin bincike ɗaya. Kowace ƴar kasuwa ta san bambancin taya kaya da ɗaukar kaya bashi.

Amma abin yana aiki ta ɗayan ɓangaren. A mafi yawan jihohin Amurka, mai tarihin biya marar kyau ya fi biyan inshora da tsada. Jihohi irin su Kalifoniya, Maryland da Massachusetts ne suka hana hakan a inshorar gida. Kuma banki yana haɗa kuɗin inshora cikin abin da mutum zai riƙa biya duk wata, ya gwada da abin da yake samu. Inshora mai tsada tana iya rage bashin da za a ba shi. Ke nan wanda ya ƙi tayawa don tsoro, kansa ya cuta.

Haɗarin gaske shi ne sabon bashi. Banki yakan sake dubawa dab da ranar sa hannu. Wanda ya ɗauki mota ko kayan ɗaki bashi a wannan tsakani yana iya rasa gidan. Don haka, in ɗanmu ya ce mu yi haƙuri na wasu watanni, kada mu matsa masa har ya ci bashi don ya aiko mana.

Mu ma abin ya iso gare mu. Tun 2016 akwai ofishin tattara bayanan masu bashi na ƙasashen UEMOA, kuma bankunanmu suna aika masa da labarin masu biya da masu jinkiri. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma yanzu ana rubuta yadda kowa yake biyan nasa.